Yadda Ake Renon Furannin Lokacin Zafi a Lambun Gida

Furannin da suka fi farin jini a lambunan gida cikin watannin zafi, wato ziniya da marigol da kosmos da daliya, kusan dukkansu 'yan ƙasa ɗaya ne, domin asalinsu daga Meksiko da maƙwabtanta yake. Furen rana ya fito daga Amurka ta Arewa, fotulaka da fetuniya kuwa daga Amurka ta Kudu. Sanin wannan asali yana da amfani ga mai lambu, saboda akasarin waɗannan tsirrai sun saba da rana mai ƙarfi, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a kanta, da abinci ɗan daidai. Shi ya sa yawancin furannin da ke lalacewa a gidaje ba sakaci ne ke kashe su ba, kulawa ce da ta wuce kima: an shuka su kafin lokaci, an cika musu taki, kuma ana yayyafa musu ruwa safe da yamma har saiwarsu ta ruɓe.

Aikin farko shi ne zaɓen wuri, kuma ba a yin sa da zato. Ya kamata mai lambu ya ware yini guda ya riƙa duba filin da yake son shukawa tun daga hantsi har zuwa la'asar, yana lura da inda inuwar gini ko ta bishiya take faɗawa a kowace sa'a. Waɗannan furanni suna buƙatar aƙalla sa'o'i 6 na rana kai tsaye, kuma idan suka samu 8 sai su fi yin kyau. A wurin da rana ta gaza haka, tsiron zai yi tsawo yana neman haske, kararsa ta yi siriri, furensa ya yi kaɗan. Ranar safe ta fi ta yamma daraja, domin tana busar da raɓar da ta kwana a kan ganye kafin cuta ta samu wurin zama. A yankunan da zafi yakan haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, 'yar inuwa bayan azahar tana taimakawa, musamman ga daliya da fetuniya. A guji gindin manyan bishiyoyi ko da rassansu ba su rufe wurin ba, saboda saiwarsu takan yi nisa a ƙarƙashin ƙasa ta shanye ruwa da takin da aka zuba wa furanni.

Bayan wuri sai ƙasa, kuma abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne yadda take tsotse ruwa. Akwai gwaji mai sauƙi: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa a bar shi ya tsane, sannan a sake cikawa a lura da saurin raguwarsa. Idan ruwan yana sauka da kamar santimita 3 zuwa 5 a kowace sa'a, ƙasar ta yi daidai. Idan aka wayi gari ramin yana ɗauke da ruwa, laka ta yi yawa, kuma gara a ɗaga fangalin sama da santimita 15 zuwa 20 a shuka a kansa. Idan kuma ruwan ya ɓace cikin 'yan mintoci, yashi ne ya rinjaya. Maganin matsalolin biyu ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki na ganye da kashin dabbobi wanda ya daɗe har ya yi baƙi ya daina wari. A shimfiɗa shi da kaurin santimita 5 a cakuɗa shi da santimita 20 na saman ƙasa. Ɗanyen kashin dabbobi, musamman na kaji, yana ƙona ƙananan saiwoyi, don haka ba a kusantar da shi ga yabanya. Mutane da yawa sukan zuba yashi zalla a cikin laka da nufin sassauta ta, amma idan yashin bai yi yawa sosai ba, abin da ake samu shi ne ƙasa mai tauri kamar bulo.

Wanda ba shi da fili yana iya shukawa a tukwane, da sharaɗin kowace tukunya tana da huda a ƙasanta. Jera duwatsu a gindin tukunya ba ya maye gurbin wannan huda, hasali ma yana rage wurin da saiwa za ta bi.

A wajen lokacin shuka ne aka fi yin gaggawa, kuma a nan ne sauri kan haifi nawa. Irin waɗannan furanni yana son ƙasa mai ɗumi, wadda ta kai digiri 18 zuwa 21. A ƙasashen da sanyi kan daskarar da raɓa, sai an tabbatar wannan sanyi ya wuce gaba ɗaya, domin dare ɗaya ya isa ya kashe fangali guda. Irin da aka binne a ƙasa mai sanyi da danshi yakan ruɓe, wanda ya tsira kuma yakan tsumbure, har wanda aka shuka bayansa da mako biyu ya zo ya wuce shi. A ƙasashe masu zafi kuwa abin tsoro shi ne ruwan sama mai ƙarfi da ke wanke ƙananan iri ko ya danne su da laka, don haka ya fi kyau a rene su a wuri mai rufi a dasa daga baya. Dabara mai kyau ita ce kada a shuka irin duka a rana ɗaya. A raba shi kashi uku, a bar tazarar mako biyu ko uku tsakanin kowane kashi, ta yadda idan na farko ya fara gajiya na biyu yana cikin ganiyarsa.

Zurfin shuka yana bin girman iri, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a binne shi ninki biyu zuwa uku na kaurinsa. Irin ziniya da marigol da kosmos rabin santimita ya ishe su, na furen rana kuwa santimita 2 zuwa 3. Irin fotulaka da na fetuniya ƙanana ne kamar ƙura, kuma suna buƙatar haske kafin su tsiro, saboda haka ba a rufe su da ƙasa ko kaɗan. A gauraya su da ɗan busasshen yashi don su warwatsu daidai, a barbaɗa a saman ƙasa, a danna da tafin hannu, sannan a jiƙa da feshi mai laushi. Har zuwa ranar da tsiro zai fito, saman ƙasar ya kasance da danshi kullum, kuma wannan ne kaɗai lokacin da ban ruwa na kowace rana yake da hujja.

Idan tsiron ya fitar da ganye huɗu sai a rage shi. Wannan aiki ne da sababbin masu lambu suke jin nauyinsa, domin cire lafiyayyen tsiro yana kama da ɓarna, amma tsirrai goma da suka cunkushe ba za su ba da furen da huɗu masu sarari za su bayar ba. A bar santimita 25 zuwa 30 tsakanin ziniya, 20 zuwa 25 tsakanin ƙananan marigol, 30 zuwa 45 tsakanin kosmos, da 45 zuwa 60 tsakanin manyan furen rana. Wanda ya rene dashensa a cikin ɗaki ko a inuwa, kada ya fitar da shi rana lokaci guda. A riƙa fitar da shi na sa'a ɗaya ko biyu, ana ƙarawa a hankali har kwana 7 zuwa 10, sannan a dasa da yamma a ba shi ruwa nan take.

A ganina, wanda bai taɓa shuka fure ba ya fara da ziniya. Irinta yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 7, ta fara fure bayan kwana 60 zuwa 70, kuma akwai ta a kusan kowane launi in ban da shuɗi. An raɗa mata wannan suna ne don tunawa da masanin tsirrai ɗan Jamus, Johann Gottfried Zinn, wanda ya rasu a 1759. Babban rauninta shi ne cutar da ke sa ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, wadda take bunƙasa inda iska ba ta ratsawa. Ko a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ziniya ta yi fure a watan Janairun 2016 a hannun ɗan sama jannati Scott Kelly, sai da tsirran suka yi fama da fumfuna saboda yawan laima, kuma ba su farfaɗo ba sai da aka yanke ganyen da suka kamu aka ƙara ƙarfin fanka. Matakin da ake ɗauka a lambun gida ma shi ne wannan: sarari tsakanin tsirrai, cire ganyen da ya kamu tun da wuri, da zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba.

Marigol ya fi ziniya sauri, domin ƙananan nau'o'insa sukan yi fure cikin kwana 45 zuwa 50. A kan fakitin iri za a ga ana kiran dogon nau'in marigol na Afirka, gajeren kuma na Faransa, alhali dukkansu daga Meksiko da Amurka ta Tsakiya suke. Saiwarsa tana fitar da wani sinadari da ke rage ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwar tsirrai ta yi ƙulle-ƙulle, amma an cika zuzuta wannan amfani. Sai an cika fangali da shi an bar shi wata biyu ko fiye kafin a ga bambanci a shukar da za ta biyo baya, tsiro biyu ko uku a gefe ba sa yin wani tasiri.

Kosmos kuwa ya fi son a ƙyale shi. A ƙasa mai yawan taki yakan yi tsawo ya cika da ganye ya ƙi yin fure, don haka a ba shi wurin da ya fi kowane rashin ƙarfi a lambun. Haka ma fotulaka, wadda ganyenta mai kauri yake adana ruwa, take kuma buɗe furenta idan rana ta fito ta rufe idan ta faɗi ko hadari ya haɗu. Reshenta ma idan aka tsinka aka soka a ƙasa mai ɗan danshi yakan kama. Inda zafi ya tsananta har sauran furanni suka sunkuya, gomfirina mai ƙananan kawuna kamar maɓalli da binka 'yar asalin Madagaska ba sa nuna gajiya. Sai dai binka tana da guba idan aka ci, duk da cewa daga jikinta ake samar da wasu magungunan cutar daji, saboda haka a nisanta ta daga inda ƙananan yara da dabbobi suke wasa.

Furen rana ba ya son dashe, domin yana da doguwar saiwa guda da ke nutsawa ƙasa, kuma idan ta karye ko ta lanƙwashe tsiron ba ya kai girman da ya kamata. A shuka shi kai tsaye inda zai zauna, a kuma yi tunani a kan inda zai fuskanta. Yayin da yake ƙarami kansa yana bin rana daga gabas zuwa yamma, ya juyo cikin dare, amma da zarar furen ya buɗe sai ya tsaya yana kallon gabas. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna a 2016 cewa wannan juyi yana faruwa ne saboda ɓangaren gabas na karan ya fi saurin girma da rana, ɓangaren yamma kuma da dare, sannan furen da ke kallon gabas yana saurin ɗumama da safe, abin da ke jawo masa ƙudan zuma fiye da wanda aka juya yamma. Ma'anar wannan ga mai lambu ita ce, idan ya shuka shi a gabashin inda yake zama, ƙeyar furen zai riƙa gani. Dogayen nau'o'i sukan kai mita 3, har an taɓa auna wani a Jamus a 2014 da ya kai mita 9.17, don haka a sa su a bayan fangali inda inuwarsu ba za ta rufe gajerun furanni ba, a kuma tokare su da sanda idan wurin yana da iska.

Daliya ta fi duk sauran neman kulawa, kuma ba na ba wa sabon shiga shawarar ya fara da ita. Ita ce furen ƙasa na Meksiko tun 1963, kuma ta fito ne daga tsaunuka masu ɗumin rana da sanyin dare, shi ya sa takan dakata da fure idan dare ya yi zafi sosai. Galibi ana shuka ta ne daga kumburarriyar saiwarta mai kama da dankali, kuma dole saiwar ta kasance da ido a wuyanta, inda ta haɗu da tsohuwar kara, domin wadda ba ta da ido ba za ta tsiro ba komai girmanta. A kwantar da ita a rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, idon yana kallon sama, a kafa sandar tokara a ranar don kada a soke saiwar daga baya. Sannan a kame hannu daga ban ruwa har sai toho ya ɓullo, in dai ƙasar ba ta bushe ƙayau ba, saboda saiwar da ba ta fara aiki ba ruɓewa take yi a cikin danshi.

Da zarar tsirrai sun kafu, sai a sauya salon ban ruwa. Abin da suke bukata a mako shi ne kimanin lita 25 a kowace murabba'in mita, a haɗe da abin da ruwan sama ya bayar, kuma ya fi kyau a ba da shi sau biyu a mako ya nutse sosai da a riƙa yayyafi kullum. Yayyafi yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, sai saiwa ta tsaya a sama inda rana ke gasa ta, ruwa mai nutsewa kuwa yana jan ta ƙasa inda akwai sanyi. Kafin a ɗauko butar ban ruwa, a soka yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, idan an ji danshi a bari sai gobe. Ganyen da ya yi laushi da tsakar rana ba lallai ne yana jin ƙishi ba, domin tsirrai da yawa sukan sunkuya don rage asarar ruwa su miƙe da yamma. Wanda aka tarar a sunkuye da sassafe shi ne mai ƙishi na gaskiya. Tukwane dabam suke, don a tsananin zafi sukan buƙaci ruwa kullum. Lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7 yana rage ƙafewar ruwa kuma yana hana ciyawa tsirowa, amma kada abin lulluɓin ya taɓa kara.

Game da takin zamani, lambobi uku da ke jikin buhu suna nuna naitirojin da fosfaras da fotasiyam a jere. Na farkon shi ne mai haɓaka ganye, don haka ga furanni a nemi wanda lambarsa ta farko ba ta fi sauran ba, kamar 5-10-10. Idan an gyara fangali da ruɓaɓɓen taki, sau da yawa ɗan kaɗan a tsakiyar lokaci ya wadatar. Fetuniya da daliya da duk abin da ke cikin tukunya su ne masu ci, kuma ana iya ba su takin ruwa mai rauni duk mako biyu.

Akwai ayyuka biyu na almakashi da suka fi kowane taki ƙara yawan fure. Na farko ana yin sa ne idan ziniya ko kosmos ko daliya ta kai tsawon santimita 20 zuwa 30: a tsinke kan tsiron daidai saman wasu ganye biyu masu fuskantar juna. Kan tsiro yana fitar da sinadarin da ke hana rassan gefe tasowa, kuma da zarar an cire shi sai rassa su fito daga hammatar ganye, kowane da nasa fure. Wannan yana jinkirta furen farko da kamar mako biyu, amma abin da ke biyo baya ya fi yawa. Ba a yi wa furen rana mai kara ɗaya haka, domin fure guda yake da shi, idan an cire shi ke nan. Aiki na biyu shi ne cire furen da ya fara yaushi. Yawancin waɗannan tsirrai shekara ɗaya suke rayuwa, kuma burinsu su yi iri kafin su mutu. Idan aka bar tsohon fure ya ƙulla iri, tsiron yakan karkata ƙarfinsa can ya rage fitar da sababbi, idan kuwa ana cirewa sai ya ci gaba da ƙoƙari har ƙarshen lokaci. A yanke a saman ganye ko reshe na gaba, kada a bar tsiraran kara tsaye. A wajen daliya a lura sosai, domin kan da bai buɗe ba zagayayye ne mai tauri, wanda ya riga ya zubar da furensa kuwa mai tsini ne da laushi, kuma sau da yawa akan yanke na farkon bisa kuskure.

Ƙwarin da aka fi gani su ne ƙananan masu tsotsar ruwan tsiro da ke taruwa a kan sabon toho, kuma yawan zirga-zirgar tururuwa a jikin kara alama ce ta zuwansu. Feshin ruwa mai ƙarfi yakan kakkaɓe su, idan sun dage kuma a fesa ruwan sabulu mai rauni, kamar ƙaramin cokali ɗaya a lita guda, da yamma, bayan an gwada a ganye ɗaya an ga bai ƙone ba. Dodon koɗi yana cin yabanya da dare, kuma tsince shi da fitila ya fi komai tasiri a ƙaramin lambu. Maganin ƙwari mai ƙarfi ya zama mataki na ƙarshe, kuma ba a fesa shi a kan buɗaɗɗen fure, saboda yana kashe ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi tare da ƙwarin da ke cinye masu ɓarnar.

Wanda yake son furen ado a ɗaki ya yanka da sassafe ya tsoma cikin ruwa nan take, ya cire duk ganyen da zai nutse, ya kuma riƙa sauya ruwan duk kwana biyu. Ziniya da daliya ba sa ƙara buɗewa sosai bayan an yanke su, don haka a jira su buɗe. Ga ziniya, a kama karan a ɗan girgiza shi, idan kan ya yi lilo ba ta nuna ba, idan ya tsaya ƙyam ta isa yanka.

Idan lokaci ya kusa ƙarewa, a zaɓi tsirrai mafi lafiya a bar wasu furanninsu su bushe a jikinsu har su koma ruwan ƙasa. A tsinke su a ranar da babu danshi, a murtsuke, a shanya irin a inuwa na mako guda, sannan a zuba a ambulan takarda a rubuta suna da shekara, a ajiye a wuri mai sanyi da bushewa. Irin da fakitinsa ke ɗauke da alamar F1 haɗin aure ne na nau'o'i biyu, kuma 'ya'yansa ba lallai su yi kama da shi ba, don haka irin wannan gara a sayi sabo. Kan furen rana kuwa a rufe shi da yadi mai shara-shara tun bayansa yana fara rawaya, in ba haka ba tsuntsaye za su riga mai lambu girbi.